Mata-maza Tsakanin Asibiti, Fiƙihu da Al'ada: Hanyoyin Neman Kulawa ga Yara da Iyalansu a Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yaran da ake haifa da al'aurar da ba ta fito sosai a matsayin ta namiji ko ta mace ba, waɗanda Bahaushe ke kira mata-maza, da hanyoyin da iyayensu za su bi wajen nema musu kulawa a Sakkwato da kewayenta. An bambanta mata-maza da ɗan daudu da kuma matashin da yake jin jinsinsa ya saɓa wa jikinsa. An fayyace manyan dalilan halittar a likitance, da matsayin fiƙihun Malikiyya, da matsin da sunan kwana bakwai yake jawowa. Maƙalar ta nuna cewa ɓoyewa da gaggawar yanke hukunci su ne suka fi cutar da waɗannan yara, kuma akwai nau'in da yake kashe jariri cikin makonnin farko idan ba a gano shi ba.

1.0 Gabatarwa

Tambaya ta farko da ake yi wa ungozoma idan aka ji kukan jariri ita ce: me aka samu? A kan amsar ake gina sunan da za a raɗa, da kayan barka, da tarbiyya, da sahun salla, da rabon gado, da aure. Akwai haihuwar da ungozoma ba ta iya amsa tambayar. Ƙiyasin da masana suka fi kafa hujja da shi yana nuna cewa kusan jariri 1 cikin 4,500 ake haifa da al'aurar da take da ruɗani. Adadin ba shi da yawa, amma a jiha mai miliyoyin jama'a yana nufin kowace shekara akwai gidajen da suke shiga wannan hali.

A unguwar Gawon Nama, a kan titin Garba Nadama, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Nan ne babbar matattarar marasa lafiya daga Sakkwato da Kabi da Zamfara, har da masu tsallakowa daga Jamhuriyar Nijar ta hanyar Illela da Birnin Ƙonni. Mafi yawan haihuwa a Jihar Sakkwato a gida ake yin ta, saboda haka yaron da aka haifa mata-maza yakan fara haɗuwa da ungozoma da wanzami da malamin unguwa tun kafin likita ya gan shi. Abin da waɗannan mutane suka sani, da abin da suka faɗa wa iyaye, shi yake yanke ko yaron zai isa Gawon Nama yana ɗan kwana uku, ko yana ɗan shekara 16, ko ba zai isa ba sam.

2.0 Rukunai uku da ake cuɗawa

A maganar yau da kullum ana haɗa mutane uku a ƙarƙashin zargi ɗaya, alhali al'amuransu sun bambanta.

Na farko shi ne mata-maza, wanda littattafan fiƙihu ke kira khunsa. Lamarinsa na jiki ne, tun daga cikin mahaifa. Tun bayan taron masana da aka yi a birnin Shikago a 2005, wanda aka wallafa matsayarsa a 2006, likitoci suna tara waɗannan halittu a ƙarƙashin suna guda mai ma'anar bambancin ginuwar jinsi.

Na biyu shi ne ɗan daudu: namiji cikakke a halitta wanda ya ɗauki salon magana da motsi da sana'o'in mata, kamar dafa abincin sayarwa. Wannan matsayi ne na zamantakewa da ya daɗe a biranen Hausa, yana kuma da tsohuwar alaƙa da bori. Rudolf Gaudio ya wallafa littafi a kan 'yan daudun Kano a 2009.

Na uku shi ne wanda jikinsa ba shi da ruɗani, amma yake jin tun daga zuciyarsa, na tsawon lokaci, cewa shi ɗaya jinsin ne. Wannan shi ne abin da za a iya kira saɓanin jinsi, kuma daga cikin masu shi ne ake samun waɗanda jaridu ke kira masu sauya jinsi.

Cuɗa rukunan yana da sakamako. Uwar da ta ɗauka cewa jaririnta mata-maza zai tashi cikin abin kunya za ta ɓoye shi, ta ƙi bari kowa ya yi masa wanka, ta ƙi kai shi asibiti. Harshen ma yana ƙara matsin. Hausa tana rarrabe jinsi har a wakilin suna na mutum na biyu: ka ko ki, kai ko ke, naka ko naki. Ba a iya yi wa yaro rarrashi ko kira ba tare da an zaɓa masa jinsi ba. A harsunan da ba su da wannan rarrabewa, kamar Yarabanci, iyali suna iya jinkirtawa ba tare da bakinsu ya tona su ba. Bahaushe kuwa yana yanke hukuncin a cikin jimlarsa ta farko.

3.0 Yadda jinsi yake ginuwa a ciki

Har zuwa kusan mako na 6 na ciki, tayin namiji da na mace ba su da bambanci a gaɓoɓin haihuwa. Dukkansu suna da tushe ɗaya da zai iya zama 'ya'yan maraina ko ma'ajiyar ƙwai. A mafi yawan mutane, mace tana da kuromosom XX, namiji XY. A jikin kuromosom Y akwai ƙwayar gado da aka gano a 1990, ana kiranta SRY, ita ce take juya tushen ya zama 'ya'yan maraina. Su kuma sai su fitar da sinadari biyu: ɗaya yana hana mahaifa tsirowa, ɗaya shi ne testosteron. A fatar al'aura, wani sinadari yana sarrafa testosteron ya koma nau'i mafi ƙarfi, wanda shi yake gina azzakari da jakar maraina. Idan babu wannan saƙo, gaɓoɓin suna bin hanyar mace.

Matakan suna da yawa, kuma kowanne yana iya samun tangarɗa. Shi ya sa mata-maza ba halitta ɗaya ba ce. Uku daga cikinsu sun cancanci a tsaya a kansu.

3.1 Kumburin adirenal na haihuwa

A saman kowace ƙoda akwai ɗan ƙulli da ake kira adirenal. Yana samar da kotisol, wanda jiki ke buƙata don jure ciwo da daidaita sukarin jini, da aldosteron, wanda yake riƙe gishiri da ruwa. A cutar da likitoci ke taƙaitawa da CAH, ƙullin ya rasa sinadarin da yake haɗa waɗannan biyu da shi. Sai ya yi ta ƙoƙari har ya kumbura, kayan aikin da suka taru kuma su karkata su zama sinadaran maza. Jaririya mai XX, wadda take da mahaifa da ma'ajiyar ƙwai lafiyayyu, sai ta fito da ɗan tsaka mai girma kamar azzakari, leɓɓan farji a haɗe kamar jakar maraina, amma babu 'ya'ya a ciki. Wannan ita ce sanadi mafi yawa na ruɗanin al'aura a jarirai masu XX, kuma nau'inta mai tsanani yana samun kusan jariri 1 cikin 15,000 a duniya.

Haɗarin da ya fi siffar al'aura girma shi ne zubar gishiri. Kusan uku cikin huɗu na masu nau'in mai tsanani ba sa iya riƙe gishiri. Jaririn yakan yi kamar lafiya lau a kwanakin farko. Daga mako na biyu zuwa na uku sai ya fara ƙin nono, ya yi ta amai, ya rame, ya yi laushi, jikinsa ya bushe. Idan ba a ba shi ruwan gishiri ta jijiya da maganin haidirokotison ba, yana iya rasuwa cikin kwanaki. A gida ana iya danganta wannan da iska ko maita ko ciwon ciki. Jariri namiji mai cutar ya fi shiga haɗari, domin al'aurarsa ba ta nuna komai da zai sa a yi zato. Ƙasashe da yawa suna gwada jinin kowane jariri don gano ta, amma Nijeriya ba ta da irin wannan tsari na bai-ɗaya.

Cutar ta gado ce, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, kamar yadda sikila take. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya kamu. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar ma'aurata su kasance ɗauke da ƙwaya iri ɗaya. Saboda haka gidan da aka taɓa rasa jarirai a makonnin farko ba tare da sanin dalili ba, sannan aka haifi mata-maza, ya kamata su faɗa wa likita wannan tarihi. Haka kuma ɗora wa uwa laifi ita kaɗai ba shi da tushe. Yarinyar da aka gano da wuri, aka ɗora ta kan magani na tsawon rai, tana iya balaga, ta yi al'ada, ta yi aure, ta haihu.

3.2 Jikin da ba ya jin sinadarin maza

A nan jaririn yana da XY da 'ya'yan maraina masu fitar da testosteron, amma jikin ba shi da hanyar karɓar saƙon. Idan rashin jin ya cika, ana haifar yarinya ce a zahiri, babu wani ruɗani. Tana tashi mace, nono ya fito mata a lokacin balaga, sai dai al'ada ba ta zuwa, domin babu mahaifa. Wani lokaci ana gano lamarin tun tana ƙarama idan aka yi mata aikin ƙaba aka tarar da ɗan maraina a matsematsi. Kusan duk masu wannan halitta mata suke jin kansu, mata kuma suke rayuwa. Abin da suke buƙata shi ne bayani na gaskiya cikin tausasawa, da bibiyar 'ya'yan marainan da ke ciki, da maganin sinadarin mata idan an cire su, domin kare ƙashi. Idan rashin jin bai cika ba, al'aurar takan fito tsaka-tsaki.

3.3 Wanda balaga take sauyawa

Akwai yaro mai XY da ya rasa sinadarin da ke ƙarfafa testosteron a fatar al'aura. Ana haifarsa da kamannin mace, a raɗa masa sunan mace. Da balaga ta zo, testosteron ya yi yawa, sai murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, azzakari ya girma, 'ya'yan maraina su sauko. Likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana wannan halitta a 1974 a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ta yawaita a cikin dangi. Fiye da rabin waɗanda aka rena a matsayin mata daga cikinsu suna komawa rayuwar maza bayan balaga. Labaran da ake ji na budurwar da ta rikiɗe ta zama namiji, waɗanda ake jingina wa aljanu ko sammu, wasunsu wannan yana iya zama bayaninsu.

Akwai kuma wanda yake da naman ɗan maraina da na ma'ajiyar ƙwai a jiki ɗaya, amma wannan ba shi da yawa. Zaton da jama'a ke yi cewa mata-maza yana da cikakkun gaɓoɓin jinsi biyu masu aiki, har ya iya yin ciki ya kuma yi wa wata, ba shi da tushe a ilimin likita.

4.0 Matsayin fiƙihu

Malaman Musulunci ba su ɗauki khunsa a matsayin mai laifi ko abin ɓoyewa ba. Sun ɗauke shi mutum mai haƙƙi, wanda dole shari'a ta san inda za ta ajiye shi. Mas'alar ta girmi Musulunci ma. A Sirar Ibn Hisham an kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, mai yi wa Larabawa hukunci a zamanin jahiliyya, wanda aka kawo wa rabon gadon khunsa ya kwana bai runtsa ba, har baiwarsa mai yi masa kiwo ta ba shi shawarar ya bi mafitar fitsari. Malaman fiƙihu sun riƙi wannan alama, suka ƙara wasu.

Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da almajiran Sakkwato suke kai wa ƙololuwa a karatun Malikiyya, da mas'alar khunsa ya rufe. Alamomin da ake dubawa su ne: ta ina yake fitsari, idan ta wuri biyu ne wanne ya fi yawa ko ya riga, sannan bayan balaga a duba gemu da nono da haila da maniyyi. Wanda alama ta rinjaya a kansa ya bi hukuncin wannan jinsi. Wanda aka rasa rinjaye shi ne khunsa mushkili, kuma a gado ana ba shi rabin rabon namiji haɗe da rabin rabon mace. Misali, mutum ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya da khunsa mushkili. Da khunsan namiji ne, da ya sami rabi. Da mace ce, da ta sami sulusi. Sai a kasa dukiyar kashi 12: khunsa ya ɗauki 5, ɗa namiji ya ɗauki 7. A dukiyar naira 1,200,000, khunsa yana da 500,000, ɗan'uwansa yana da 700,000.

Abubuwa biyu suka fito daga wannan. Na ɗaya, fiƙihu ya yarda da jinkiri: yana barin hukuncin yaro a buɗe har balaga idan alamomin ƙuruciya ba su wadatar ba. Na biyu, alamomin nan hanyoyin bincike ne na zamaninsu. Jaririya mai CAH tana iya yin fitsari ta abin da ya yi kama da azzakari, alhali tana da mahaifa. Gwajin jini da hoton ciki suna nuna abin da ido ba ya gani, kuma suna hidima ga manufar da malamai suka sa a gaba, wato gano hakikanin halittar.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 11 a Makka cikin Fabrairun 1989, ta yi matsaya mai sashe biyu. Wanda gaɓoɓinsa suka cika a jinsi ɗaya, ba ya halatta a mayar da shi ɗaya jinsin. Wanda ya haɗa alamomin biyu, ana duba wanda ya rinjaya, kuma ya halatta a yi masa magani, ko da sinadari ko da tiyata, don gusar da ruɗanin. Iyayen da suke tsoron cewa kai ɗansu asibiti canja halittar Allah ne suna da wannan fatawa a matsayin amsa.

5.0 Matsin kwana bakwai

Al'ada ta ba iyaye mako ɗaya. Ranar suna za a tara jama'a, a yanka rago, liman ya raɗa suna, maroƙi ya shelanta. Binciken asibiti kuwa yakan ɗauki fiye da haka, musamman gwajin kuromosom, wanda ba a samunsa a ƙananan asibitoci kuma sau da yawa sai an aika da jinin wani gari. Iyaye da yawa suna zaɓar suna bisa abin da ido ya gani, ko bisa son ɗa namiji, sannan sauya shi daga baya ya zama abu mai nauyi ƙwarai. Yanka ragon a rana ta bakwai ba ya buƙatar sanin jinsi, tunda a Malikiyya dabba ɗaya ake yankawa ga namiji da mace. Abin da za a iya jinkirtawa shi ne shelar suna da taron biki, kuma uzurin cewa jariri ba shi da lafiya yana asibiti gaskiya ne da kowa zai karɓa.

Akwai haɗari na biyu a cikin makon, wato askar wanzami. Ganin ɗan tsaka mai girma yana iya sa a ce angurya ce a yanke. Yankan yana jawo zubar jini da tabo, yana lalata jijiyoyin wurin har abada, kuma ba ya taɓa ainihin cutar da ke cikin adirenal. Haka yaron da mafitar fitsarinsa take ƙarƙashin azzakari maimakon kansa: kada a yi masa kaciya, domin likitan tiyata yakan buƙaci loɓar wajen gyara. Ƙa'idar da ya kamata kowace ungozoma da kowane wanzami su riƙe ita ce, jaririn da ake ganin namiji ne amma ba a ji 'ya'yan marainansa biyu a jaka ba, da jaririyar da ɗan tsakanta ya wuce kima ko aka ji ƙulli a matsematsinta, a kai su asibiti a kwanakin farko, kafin a sa musu aska.

6.0 Hanyar asibiti

Iyalin da suka fara da asibitin karamar hukuma, ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, su nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, domin a nan ake samun likitocin yara, da masu tiyatar yara, da na mafitsara, da na mata a wuri ɗaya. Jaririn da yake amai ko ya ƙi nono ba ya jiran takarda ko ranar ganin likita, sashen gaggawa na yara ake kai shi nan take.

Binciken yakan bi wannan tsari: tarihin iyali da magungunan da uwa ta sha lokacin ciki, duba jikin jariri, auna gishiri da sukarin jini, ana maimaitawa a makonnin farko, hoton ciki don neman mahaifa, auna sinadaran adirenal da na 'ya'yan maraina, sai gwajin kuromosom. Kuromosom shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kamar yadda misalin yarinya mai XY ya nuna. Ana haɗa shi da irin cutar, da gaɓoɓin ciki, da yiwuwar haihuwa nan gaba, da abin da aka sani game da yadda masu irin wannan halitta suke jin kansu idan sun girma.

Game da tiyata, akwai wadda ba a jayayya a kanta, kamar buɗe hanyar fitsari da ta toshe. Wadda ake jayayya a kanta ita ce ta gyaran siffa kawai tun yaro bai san kansa ba. A tsakiyar ƙarni na 20 likitocin Amurka sun ɗauka cewa tarbiyya kaɗai take gina jinsi. Labarin David Reimer ɗan Kanada, wanda aka rena a matsayin mace bisa shawarar John Money bayan kaciya ta lalata azzakarinsa, ya ƙi wannan matsayi da ya girma, ya kuma kashe kansa a 2004, yana cikin abin da ya rushe wannan zato. Manya da yawa da aka yi wa aiki suna jarirai sun koka da tabo da rashin ji da ɓoye musu gaskiya. Ƙasar Malta ta hana irin wannan tiyata ba tare da yardar mai jikin ba a 2015. Kenya ta ƙirga mata-maza a ƙidayar 2019, ta sami 1,524. A gefe guda, wasu likitoci da iyaye suna ganin yaron da zai yi wanka da sa'o'insa a tsakar gida ko a makarantar allo yana fuskantar tsangwamar da aikin wuri zai rage. Tambayoyin da ya dace iyaye su yi kafin su sa hannu su ne: shin lafiya ce take buƙatar aikin yanzu ko siffa ce? Me zai faru idan an jira? Shin za a cire wani abu da ba ya dawowa? A halittun da ake yawan sauya jinsi bayan balaga, cire 'ya'yan maraina tun ƙuruciya yana rufe ƙofar da yaron zai iya buƙata.

Kuɗi babban cikas ne, domin maganin CAH na kullum ne har ƙarshen rayuwa, kuma ana ƙara yawansa duk lokacin zazzaɓi ko wani ciwo. Yanke shi ba zato yana iya kisa. Iyalai marasa ƙarfi suna iya tuntuɓar sashen jin daɗin jama'a na asibiti, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda tallafin jinya yana cikin ayyukanta. Wanda aka sauya wa jinsi bayan bincike yana buƙatar rahoton likita a rubuce, don gyara takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da takardun makaranta.

7.0 Matashin da jikinsa ba shi da ruɗani

Lamarin rukuni na uku ya fi tsauri a wannan yanki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundin cututtuka da ta amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, ta fitar da saɓanin jinsi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa. Game da magani ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba, likitocin Turai da Amurka suna cikin saɓani. A Ingila, rahoton Dakta Hilary Cass na Afrilun 2024 ya ce hujjar amfanin magungunan dakatar da balaga tana da rauni, aka taƙaita ba da su, yayin da manyan ƙungiyoyin likitoci a Amurka suke goyon bayansu. A duniyar Musulmi, Iran ta halatta aikin sauya jinsi bisa fatawar Ayatullahi Khumaini tun shekarun 1980, matsayar Rabiɗa da aka ambata kuwa ta hana. A Nijeriya, sashe na 405 na kundin Final Kod na Arewa ya sanya namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin masu laifi, kuma dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta ƙara tsoron neman taimako, duk da cewa ba a kan saɓanin jinsi take magana ba.

Duk da haka akwai abin da iyali za su iya yi wanda bai saɓa wa doka ko addini ba. Da farko a kai matashin likita ya duba shi, domin wasu daga cikin masu wannan kuka mata-maza ne da ba a gano ba. Na biyu, a gane cewa duka da ɗauri da gori da kora daga gida ba sa gusar da abin da yake ji. Abin da suke haifarwa shi ne baƙin ciki mai tsanani, da shaye-shaye, da yawon titi, da yunƙurin kashe kai, kuma bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa matasan da iyalinsu ba su yasar da su ba sun fi tsira daga waɗannan. Na uku, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya, a asibitin koyarwa ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, don kula da damuwa da rashin barci da tunanin mutuwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin mara lafiya. Na huɗu, a gargaɗi matasa game da sayen ƙwayoyin sinadarin mata ko na maza a kemis bisa shawarar intanet, domin suna iya jawo daskarewar jini a jijiya da ciwon hanta da rashin haihuwa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa mata-maza halittu ne daban-daban masu dalilai sanannu, kuma ɗaya daga cikinsu tana buƙatar agajin gaggawa a makonni ukun farko na rayuwa. An ga cewa fiƙihun Malikiyya ya tanadi haƙƙin khunsa har a lissafin gado, ya yarda da jira, kuma fatawar 1989 ta halatta magani. Giɓin da ya rage yana tsakanin ɗakin mai jego da ƙofar asibiti. Don cike shi, maƙalar tana ba da shawarar a sanya alamomin da aka ambata cikin horon ungozomomi da wanzamai, limamai su bayyana wa jama'a hukuncin khunsa da halaccin jinkirta shelar suna, asibitin koyarwa ya riƙa haɗa iyaye da malami masanin fiƙihu da mai ba da shawara a lokacin yanke hukunci, sannan masana Hausa su samar da kalmomin da likita zai yi wa uwa bayani da su ba tare da ta ji an ci mutuncin ɗanta ba. Yaron da kansa yana da haƙƙin a sanar da shi halinsa daidai da shekarunsa, a kuma ji ta bakinsa kafin a yi wa jikinsa abin da ba ya warwaruwa.